Ruwan da Na Ba Baba da Hannuna

Mahaifina direban babbar mota ne. Ya fi shekara talatin yana ɗaukar doya da masara daga Tamale zuwa Kumasi, ya dawo da siminti ko katako. Da idonsa ya rage gani sai ya sayar da motar, ya zauna a gidanmu na Choggu. Ni ce babbar 'yarsa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. A shekarar da abin ya faru ina koyarwa a firamare, mijina yana aiki a kudu, don haka na dawo gida na zauna tare da Baba da Mma.

Baba ba ya yin abu rabi da rabi. Da aka gano yana da hawan jini, likita ya ba shi ƙwaya mai sa yawan fitsari, ya ce ya rage gishiri. Shi kuwa abin da ya shiga kunnensa shi ne ya bar gishiri. Tun daga ranar Mma ta koma ɗora tukunyar miya biyu. Tasa lami ce, ko dunƙule ba a sa mata, in ka ɗanɗana sai ka ji kamar ruwan wanke kuɓewa. Haka yake cin tuwonsa da ita yana lumshe ido, yana ce mana mu ne za mu rigaye shi tsufa. Bayan haka wani abokinsa na majalisar ƙofar masallaci ya kunna musu wani saƙon murya a waya, wai ruwa yana wanke kowace cuta in an sha shi da yawa. Baba ya karɓi wannan ma hannu biyu. Kafin ya karya kumallo sai ya shanye ledar piya wata uku a jere.

Watan Maris ne, zafin da in ka taɓa ƙofar ƙarfe da rana sai ka janye hannu. Ranar Laraba Baba ya je addu'ar wani mamaci a Dungu, ya ci abinci a can, ya dawo da ciwon ciki. Kafin magariba ya zaga bayan gida sau shida, ga amai. Na tsorata, amma tsoron da na sani ne. A makaranta mun sha jin yadda gudawa ke busar da mutum, ni da bakina na sha gaya wa iyayen yara kada su bar mai gudawa ba ruwa. Famfonmu ya yi kwana goma bai kawo ba, sai na je shagon kusa na ɗauko buhun piya wata biyu a kaina, na sayo kuma garin gishiri da sukari da ake haɗa wa mai gudawa.

Na dama masa a kofi na miƙa. Ya kurɓa sau ɗaya, ya tofar.

"Uwata, kashe ni za ki yi? Gishiri ne fa a ciki."

"Baba, magani ne. Ɗan kaɗan ne."

"Likita ya hana. Ba ni ruwa zalla, shi ne maganin."

Na tsaya da kofin a hannu ina tunani. Na ga kamar yana da gaskiya, mai hawan jini ina shi ina gishiri? Na zubar da shi a gindin darbejiyar tsakar gida. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda ƙasa ta shanye shi nan take.

Ranar Alhamis ban je makaranta ba. Na zauna a bakin tabarmarsa da buhun ruwa kusa da ƙafata. Duk lokacin da ya dawo daga bayan gida sai in fasa leda in miƙa masa. In ya yi amai, in jira kaɗan in sake miƙa wata. Bai ci komai ba sai koko tsararo cokali kaɗan. Ƙwayarsa ta hawan jini kuwa ban bari ya tsallake ba, ni na tuna masa da ita. Ledojin da ya shanye na riƙa tara su a cikin wani bokiti, da la'asar na duba na ga bokitin ya kusa cika, na ji daɗi a raina. Har na ce wa Mma, in dai rashin ruwa ne ke kashe mai gudawa, to Baba ya tsira.

Da safiyar Juma'a gudawar ta tsaya, amma ya tashi da ciwon kai. Ya ce kamar an ɗaure masa kan da igiyar ɗaure kaya ana ja. Na ba shi maganin ciwon kai da ledar ruwa biyu. Ya koma ya kwanta, abin da ba ya yi da hantsi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ya fito zai yi alwala don shirin masallaci. Ina tankaɗen garin masara a ƙofar kicin, ina kallonsa ta gefen ido. Ya wanke hannun dama. Ya sake wanke shi. Ya ɗago ya kalli butar kamar bai san me ake yi da ita ba, sannan ya sake wanke hannun daman. Mutumin da ya fi shekara sittin yana alwala. Na ajiye rariyar.

"Baba, lafiya?"

"Ina makullin motar? Lodi na jira a Aboabo."

Motar da ya sayar shekara takwas da suka wuce yake nufi. Na matso na durƙusa gabansa. Ya dube ni, fuskarsa ta yi laushi kamar ta ƙaramin yaro, ya fara yi mini magana da Dagbanci. Mu a gida Hausa muke yi, Dagbanci kuwa harshen mahaifiyarsa ne, ban taɓa jin ya yi shi da wani a cikin gidan ba. Ya kama bakin zanena ya ce kansa na ciwo, in ɗauke shi. Sai na gane ba Uwata ta wasa yake kira ba. Uwarsa ta gaske yake gani, wadda ta rasu tun ina goye.

Na ƙwala wa Mma kira. Muna cikin kama shi mu mayar da shi kan tabarma sai ga Gwaggo, ƙanwarsa da ke noma a Gbalahi, ta sauka daga babur da ɗaurin ganyen miya na ayoyo, ta zo duba shi. Ta tsaya ta saurari abin da yake faɗa, ta dafa ƙirji.

"Wannan ba ciwon asibiti ba ne. A gidan mamacin nan ya kwaso shi ranar Laraba. Ba ku ji da wa yake magana ba?"

Ban yi gardama ba. A gaskiya ni ma abin da ya zo mini ke nan. Gwaggo ta fita da sauri zuwa gidan wani malami a bayan layinmu, ta dawo da rubutu cikin babbar roba, an tsinka shi sosai don ya isa sha da shafawa. Ba na zargin ta, ba na zargin rubutun. Ita ma taimako ta zo yi. Mma ta tallafe kansa, ni na riƙe robar a bakinsa ina lallashinsa da ɗan Dagbancin da na iya, ina ce masa sha, ɗana, sha. Ya sha kusan rabi.

Ba a fi minti goma ba idanunsa suka juye. Jikinsa ya sandare, sannan ya fara jijjiga, dugadugansa na bugun siminti. Kumfa ta fito ta gefen bakinsa. Mma ta fasa salati, Gwaggo ta faɗa kansa tana tofi. Ni na miƙe tsaye, na kasa gaba na kasa baya, ina jin bugun ƙafafun nan kamar a cikin ƙirjina ake yi. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Da ya lafa sai ya yi shiru, yana wani irin minshari mai nauyi, na kira shi bai motsa ba.

Na fita a guje. Layinmu babu kowa, duk maza sun tafi Juma'a, ana jin huɗuba daga lasifika ta ko'ina. Shagon kusa a rufe. Babura a jingine a inuwa, babu masu su. Sai da na isa babban titi na ji tafin ƙafata na ƙuna, ashe ko takalmi ban sa ba. Na tsaya a tsakiyar kwalta na ɗaga hannu biyu. Wani mai yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya taka birki har keken ya karkace. Mutumin kudu ne, da ɗan gicciye na lilo a jikin madubinsa. Ya buɗe baki zai zage ni, ya ga fuskata, ya ce, "Madam, shiga."

Mu mata uku da shi muka cicciɓi Baba. Ban taɓa sanin yana da nauyi haka ba. Na zauna a baya da kansa a cinyata, Mma ta riƙe ƙafafunsa da suka leƙo waje, Gwaggo ta matse a gaba kusa da direban. Duk ramin da muka faɗa sai kansa ya girgiza, ni kuwa tafina na kan ƙirjinsa ina lissafin numfashi. Sau biyu na ji kamar ya tsaya. A wani wuri sahun masallata ya fito har kan titi, sai da muka zaga ta lungu. Ina kallon bayan mutane ɗaruruwa sun yi ruku'u, ina cewa a raina ko mutum ɗaya daga cikinsu ya juyo ya gan mu.

A asibiti suka karɓe shi da sauri. Da na ce yana da hawan jini sai na ji wata nas ta ambaci shanyewar ɓarin jiki. Suka ɗebi jininsa suka tafi da shi. Muka jira a baranda. Gwaggo na jan carbi, Mma ta ƙura wa bango ido, ni kuma sai lokacin na ga tafin ƙafata ya yi bororo.

Likitar da ta fito mace ce, gajeriya, 'yar kudu. Hausarta ta kasuwa ce, irin wadda kowa "kai" ne, mace ko namiji. Ta tambayi wa ke kula da shi a gida. Na ce ni ce.

"Baba ya sha ruwa nawa? Gaya mini gaskiya."

Na ɗauka za ta ce mun bar shi da ƙishi ne, sai na yi saurin kare kaina. Na ce wallahi bai rasa ruwa ba, daga daren Laraba zuwa yau ya kusa shanye buhu biyu, ni da kaina nake ba shi.

"Kai ka ba shi na gishiri da sukari?"

"Ya ƙi sha. An hana shi gishiri."

"Abinci fa?"

"Bai ci ba."

"Maganin hawan jini?"

"Bai fasa ba ko sau ɗaya."

Ta ja kujera ta zauna gabanmu. Ta ce ba shanyewar jiki ba ne. Gishirin cikin jininsa ne ya yi ƙasa ƙwarai, har ƙwaƙwalwarsa ta kumbura. Na ce ban gane ba, me ya haɗa gishiri da ƙwaƙwalwa?

Ta ɗauki ledar ruwan da ke hannun Mma ta ɗaga. Ta ce jikin mutum gaba ɗaya ƙananan jakunkuna ne kamar wannan, sai dai ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su. Kowace tana da 'yar fata siririya da ta kewaye ta. Ruwa yana ratsa fatar nan ya shiga ya fita yadda yake so, amma gishiri ba ya ratsawa haka. Ruwa kuma yana da hali guda, duk ɓangaren da gishiri ya fi yawa, can yake bi. In na cikin jakar da na jinin da ke waje sun yi daidai, sai a zauna lafiya. To Baba gudawa ta kwashe masa gishiri, amai ya kwashe, ƙwayar fitsari ta kwashe, abinci bai mayar ba. Sannan aka yi ta zuba ruwa zalla a kan ɗan abin da ya rage. Jinin ya tsinke ya zama lami. Sai ruwan ya bar jinin ya riƙa kutsawa cikin jakunkunan nan, suna cika, suna kumbura.

Mma, wadda ta yi shekaru tana soya ƙosai a bakin titi, ta ce a hankali, "Kamar wake in an jiƙa shi."

"Haka ne, Mma. Amma wake in ya kumbura yana ɗaga murfi. Kai ba shi da murfi. Ƙashi ne duka."

Na ɗora hannuna a kan kaina ba tare da na sani ba. Na tuna igiyar da ya ce ana ja. Na tuna leda biyun da na ba shi a kan ciwon kan, da robar da na riƙe masa ina ce masa sha, ɗana. Na buɗe baki na ce, "Ni ce." Likitar ta ce ba yanzu ba, yanzu akwai aiki. Ta ce sun riga sun sa masa ruwan gishiri mai ƙarfi ta jijiya, ɗan kaɗan, don jijjigar ta tsaya. Sauran kuwa dole a hankali za a mayar. Gwaggo ta ce tunda an san abin da ya rasa, me zai hana a zuba masa gaba ɗaya ya tashi? Likitar ta girgiza kai. Ta ce in gishirin ya hau da gaggawa, ruwan zai fice daga jakunkunan da gudu, su yamutse, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa, mutum na iya tashi ba magana ba motsi. Daga nan ta ce kada wanda ya ba shi ko kurɓi ɗaya sai da izininsu.

Ban san akwai tsoro irin wannan ba, wanda ciwon abin tsoro ne, maganin ma abin tsoro ne. Na zauna gefen gadon ina kallon ledar da aka rataya. In ɗigon ya yi sauri a idona sai gabana ya faɗi, in ya yi jinkiri ma haka. Sau uku na je na kira nas na ce kamar ya canza gudu. A na ukun ta ce, "Madam, ba ya canzawa. Idonki ne." Bayan 'yan sa'o'i sai su zo su ɗebi jini, har hannunsa ya yi tabo baƙi-baƙi.

Ranar Asabar da hantsi ya buɗe ido. Bai san mu ba. Leɓensa sun bushe sun tsage, abu ɗaya yake maimaitawa da Dagbanci, ruwa, ruwa. Ya kama hannuna yana roƙo, yana kirana uwarsa, yana tambaya laifin me ya yi. Abin da aka yarda in yi kawai shi ne in jiƙa auduga in shafa masa a leɓe. Sai ya cafke audugar yana tsotsa, in fizge. Ya yi kuka. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, ko a rasuwar ƙanena bai yi a gabanmu ba.

Da azahar na fita wanke fuska. Ina dawowa na tarar da Gwaggo ta ja labule, ta fito da wata 'yar kwalba daga cikin mayafinta, tana kwance murfin. Zamzam ne da wata maƙwabciyarta ta kawo mata tsaraba, ta daɗe tana ɓoyonsa. Na riƙe wuyan hannunta.

"Gwaggo, don girman Allah."

"Sakar ni. Ɗan'uwana na mutuwa da ƙishi kuna kallo. Wannan ruwan ba irin naku ba ne."

"Na sani. Amma ki bari mu tambaya."

"Ke da kika ɗura masa buhu biyu, yau ke ce mai hana ruwa?"

Maganar ta shige ni har ƙashi, amma ban saki hannun ba. Ban taɓa riƙe babba haka ba a rayuwata. Mma ce ta tashi ta karɓi kwalbar daga hannunmu, ta ɗiga kaɗan a auduga ta shafa masa a leɓe da goshi, ta rufe ta sa a jakarta. Gwaggo ta fita baranda, ba ta sake yi mini magana ba ranar.

Lahadi ya wuni yana barci. Likitar ta ce gishirin na hawa yadda suke so, amma ba za ta iya yi mini alkawarin yadda zai farka ba. Na riƙa duban fuskarsa ina neman alamar ko ɓarin bakinsa ya karkace, ina ɗaga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya in ga ko za su riƙe nawa.

Ranar Litinin da safe ina ninke zanen da Mma ta shimfiɗa a ƙasa, na ji murya a bayana, a dishe, da Hausa.

"Wa ya sa mini wannan rigar mara wuya?"

Na juya. Yana duban rigar asibitin da ƙyama. Ya kalli silin, ya kalli ledar ruwan, ya kalle ni.

"Ke ba ki je makaranta ba? Yau wace rana?"

Na ce Litinin. Ya yi lissafi da yatsu.

"Juma'a fa? Na je?"

Na ce bai je ba. Ransa ya ɓaci sosai, ya fara faɗan me ya sa ba a tashe shi ba. Na zauna a bakin gadon na rufe fuska da zanen da ke hannuna, na yi kukan da na kasa yi kwana uku. Yana ta tambayar Mma me aka yi wa yarinyar nan.

Kwana takwas ya yi a asibiti. Suka canza masa ƙwayar, likitar kuma ta zaunar da shi ta ce gishiri ragewa aka ce, ba bari ba. Ya dawo gida yana tafiya kamar mai taka katifa, sai da ya yi wata guda yana dafa bango. Daga safiyar Juma'ar zuwa Litinin bai tuna komai ba, har ya bar duniya. Gwaggo ta zo bayan mako biyu da zabi guda biyu a kwando, ta ajiye ɗaya a ƙofar ɗakina.

Ni kuwa na daɗe ban dawo daidai ba. In na ga ya ɗaga kofi sai in tsaya da abin da nake yi ina ƙirga kurɓinsa. In ya yi jinkirin amsa sallama, ko ya nemi hularsa alhali tana kansa, sai in matso in duba fuskarsa. Wata rana da la'asar yana zaune a baranda yana yanke farce, ya lura ina kallonsa, ya ce in zo in faɗa masa abin da ke damuna, ya gaji da ido a bayansa. Na durƙusa na ba shi labarin duka, yadda na yi ta ba shi ruwa da yadda na zubar da maganin. Ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, reza na hannunsa.

"Da na jijjiga, wa ya nemo mota?"

Na ce ni ce.

"To. Tashi ki duba wa uwarki wuta, ina jin ƙauri."

Bai sake tayar da maganar ba. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, ya ga haihuwar 'yata ta biyu, shi ya yi mata huɗuba. Ciwon da ya ɗauke shi daga baya na ƙirji ne, ya rasu a ɗakinsa ranar wata Talata da hantsi, Mma na kusa da shi.